Ƙarfe Mai Giɓi a Baki

A ƙauyenmu da ke kusa da garin Hajj Abdalla, tatsuniya ba ta jiran dare ya raba. Tsakanin magariba da isha ake yin ta, lokacin da maza suka dawo daga hawasha, wato gonakinsu na ban-ruwa, suna wanke lakar ƙafafunsu a bakin tur'a, magudanar da ke kai wa gonakin ruwa, mata kuma sun sauke tukwane. Kakata ta wajen uba, wadda babba da yaro ke kira Habboba, takan jawo murhunta na gawayi zuwa bakin rumfa, ta zauna a 'yar kujerarta, ta tura ƙarfen zanenta cikin garwashi. Zanen ƙwarya ne sana'arta. Don ƙarfen ake hura wutar, mu yara raɓawa kawai muke yi.

Har yau in na ji ƙaurin abu mai ƙonewa a hankali, wurin nan nake komawa. Takan ciro ƙarfen ya yi jajawur, ta hura masa iska, ta ɗora a bayan ƙwarya, wani siririn hayaƙi ya tashi ya shiga idanunmu. Ƙarfen na mahaifiyarta ne, da shi uwar ta taho daga ƙasar Sakkwato a hanyar hajji, tafiyar da ta ƙare a nan yankin Jazira. Yana da ɗan giɓi a baki, saboda haka duk layin da ya ja sai ya fito da farin zare a tsakiyarsa. Da wannan zaren ake gane ƙoren gidanmu ko a kasuwar wani gari.

Ni da 'yan'uwana muke zama a gaba, tare da Usmanu, ɗan maƙwabciyarmu Inna Hawwa, wanda ya girme ni kaɗan kuma bakinsa ba ya gajiya da tambaya. Ita ma Inna Hawwa takan zo da kaskonta na suyar kofi, ta ce aron wuta ta zo, amma ba ta tashi sai labari ya ƙare. Habboba ba ta buɗe tatsuniya irin yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ƙarfe ya yi ja take cewa, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Mu kuma mu matsa da gaske, kamar wata ce za ta zauna a tsakaninmu.

Akwai wata tatsuniya da ba ta cika faɗi ba, kuma ita ce ta fi zama a raina.

Wai a wani gari na bakin kogi an yi wata mai zanen ƙwarya, sunanta Tabawa, wadda duk yankin ya san hannunta. Wata rana da la'asar sai wata baƙuwa ta hauro daga wajen ruwa. Babu jirgi a gaɓa, kuma tufafinta a bushe suke ƙamas. Ta yi sallama, ta yaba ƙoren da ke shanye, ta ce ba saye ta zo yi ba, kuma ba aron ƙarfe take nema ba. Abu ɗaya take roƙo, a bar ta ta danna bakin ƙarfen a cikin curin yumɓun da ke hannunta. Tabawa ta duba ta ga babu abin da zai ragu a jikin ƙarfenta, ta miƙa mata. Baƙuwa ta danna, ta naɗe yumɓun a gefen mayafi, ta gangara inda ta fito.

A nan Habboba kan ɗago kai ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "To mi ta rasa? Ku hwaɗa mani. Ƙarhenta na nan hannunta."

Ba a daɗe ba ƙore suka fara zuwa a kan ruwa, a kife, ɗauke da zanen Tabawa. Kowace sai ta zo daidai mashayar wani gida ta tsaya tana juyawa. Gidan da ƙwarya ta tsaya masa kuwa, kafin wata ya mutu wani daga cikinsu zai gangara kogi, ba za a ƙara ganinsa ba. Mutane suka tsamo ƙoren da dogayen sanduna, suka jera su a dandali, kowa ya ga zanen ya gane shi. Aka kira Tabawa. Ta ce musu su shafa da hannu su ji. Layinta yana nutsewa inda ta riƙe numfashi, yana tasowa inda hannunta ya gaji, waɗannan kuwa zurfinsu ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kamar abin da ya zana su ba ya numfashi. Babu wanda ya yarda ya taɓa, kowa tsoro yake ji. Suka sa ta a kwalekwale ita da ƙarfenta, ba su ba ta abin tuƙi ba, suka tura ta tsakiyar ruwa. Washegari da safe wata ƙwarya ta iso, a kife.

Iyakar labarin ke nan. Habboba ta tsoma ƙarfe a ruwa ya yi ƙara, ta fara tattara kayanta. Na tuna ranar da Usmanu ya riƙe gefen zanenta ya ce sai ta gaya mana ko wace ce baƙuwar. Ta ce, "Wa ya tsaya tambaya, ɗan nan? Sun riga sun samu wadda suka sani." Daga ranar, in an aike ni ɗebo ruwa a tur'a, sai na tsaya daga nesa na leƙa saman ruwan tukuna.

Habboba ta rasu ina karatu a birnin Madani. A can na koyi zane a kwamfuta, daga baya na zauna ina yi wa mutane katin biki da allunan shaguna. Ƙarfen ya ɓace a hidimar rasuwa, ba a san wanda ya ɗauka ba, amma mahaifiyata ta ba ni ƙwarya ɗaya daga cikin na ƙarshe da ta zana.

A manhajojin da muke aiki da su, abin da ake kira buroshi ba gashi da sanda ba ne. Ɗan ƙaramin hoto ne na tabo guda, wanda manhajar ke maimaitawa a duk inda alƙalami ya bi a kan allo. Wata rana ina kallon ƙwaryar sai na ga ai zan iya maido da ƙarfen ta wannan hanya. Na ɗauki hoton layi ɗaya a hasken rana, na cire launi, na goge duk abin da ke kewaye har ya rage bakin ƙarfen kaɗai da giɓinsa. Wannan shi ne mai sauƙin. Wahalar tana wajen saiti: tazarar da ke tsakanin tabo da tabo, yadda layi zai yi kauri in na danna alƙalami, yadda zai yi duhu in na ja a hankali kamar ƙarfe ya daɗe a wuri ɗaya, da kaushin fatar ƙwarya da zai riƙa bayyana a ƙarƙashi. Na daɗe ina gyarawa ina rushewa. Ranar da ya daidaita, na ja layi ɗaya a kan allo, farin zaren ya fito a tsakiya, sai na ajiye alƙalamin na fita waje na ɗan tsaya.

Da shi na riƙa yi wa katunan aure ado a gefe, irin jerin haƙoran da Habboba ke zagaye bakin ƙwarya da su. Mutanen ƙauyenmu suka so abin ƙwarai, har tsofaffi kan sa a nuna musu a waya, su ce wallahi hannun Habboba ne.

Muna da wani zauren hira a waya na masu irin aikinmu, kuma nan da nan suka fara roƙona buroshin. Na tura, amma bai buɗu a wurin yawancinsu ba, domin kowa da manhajar da yake amfani da ita, wasu a tsohuwar kwamfuta, da yawa a waya kawai. Sai na koyi yadda ake ƙetarar da shi. Ka fitar da hoton bakin shi kaɗai, ba tare da bango ba, ka shigar a ɗaya manhajar, sannan ka sake gina saitin daga farko. Siffar bakin ce kawai ke ƙetarewa, sauran duk a baya suke tsayawa. A waya ma babu zancen nauyin hannu, yatsa ko ka danna ko ka shafa duk ɗaya ne. Da na gwada, layin ya fito da giɓinsa daidai, amma kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na rubuta musu bayanin yadda za su gyara gwargwadon hali. Kaɗan ne suka karanta.

Sai yaƙi ya iso Jazira. Na gudu zuwa garin Rusairis wurin goggona, da allon zanena a cikin jakar tufafi. Mahaifiyata ta ƙi barin gida. Inna Hawwa ma ta zauna, Usmanu kuma, wanda a lokacin yake tuƙa tarakta, ya zauna saboda ita. Masu bindiga suka daɗe a yankin. Abin da na ji daga baya shi ne sun tilasta masa ya riƙa ja musu kaya da taraktar, kamar yadda suka tilasta wa duk mai abin hawa. Da suka janye wasu suka shigo, sai aka shiga neman waɗanda za a ce sun ba na farkon hannu.

Wata safiya layin waya ya dawo bayan dogon yankewa, saƙonni suka yi ta shigowa. A cikinsu akwai hoto ɗaya da mutane da yawa suka turo mini, babu wanda ya rubuta komai a ƙasansa. Fuskar Usmanu ce, an yanko ta daga hoton wani biki, yana dariya. A sama an rubuta da jan Larabci cewa shi ne ya nuna gidajen da aka wawashe. Kewaye da fuskar kuma, a gefe huɗu, jerin haƙoran Habboba ne, kowane layi da farin zarensa.

Na kira mahaifiyata. Muryarta a ƙasa take, kamar akwai wani a bayan katanga. Ta ce duk ƙauyen sun gani, kuma duk sun san zanen gidan wa ke nan, sun kuma san 'yar gidan wa ke yin hotuna a kwamfuta. Wasu sun daina amsa sallamarta. Wasu kuma, abin da ya fi ba ta tsoro, sun fara gaishe ta da wani irin girmamawa da ba ta saba gani ba. Usmanu ya bar gari a bayan wata babbar mota da ta nufi kudu. Waɗanda suke tare sun ce a wani shingen hanya an duba hoton a waya, aka dube shi, aka ce ya sauko. Motar ta wuce ba tare da shi ba.

Na bi zauren namu mutum bayan mutum ina tambaya. Kowa ya rantse ba shi ba ne, kuma na yarda da yawancinsu. Buroshin ya riga ya wuce mu. Wani ya ce ya gan shi a wani zaure da wani suna daban, wani ya ce ƙaninsa ya same shi cikin tarin burosai da ake rabawa kyauta. Wanda ya haɗa hoton wataƙila bai taɓa jin sunan ƙauyenmu ba, ado kawai ya gani ya ɗauka. Wataƙila kuma ya san mu sarai, da gangan ya zaɓa. Har yau ban san wanne ne ba.

Na daɗe kafin na iya kiran Inna Hawwa. Na shirya bayani mai tsawo a kan saiti da nauyin hannu, da yadda nawa layin yake kauri yana sirancewa, na hoton kuwa a miƙe yake. Ko rabi ban kai ba ta tare ni. Ta ce ta sa an buɗa mata hoton a wayar maƙwabta, ta ɗora yatsa a kan zanen.

"Gilashi ne, ɗiyata, ba a jin komi," in ji ta. "Amma na zauna gaban wutar Habboba tun ba a haife ki ba. Na san ba ku ba ne."

Na fara kuka, ta bar ni har na yi shiru. Sannan ta ce saninta bai dawo mata da shi ba, kuma akwai abin da take so in yi mata. In haɗa masa hoton cigiya, da fuskarsa da sunansa da inda aka gan shi na ƙarshe, a watsa ko Allah zai sa wani ya gane shi.

"Sai dai kada ki sa mashi ado a gefe," ta ce. "Ko layi ɗaya."

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar Tabawa gargaɗi ce a kan ba baƙo abin hannunka. Na sha juya ta a raina a Rusairis, ina zaune a tsakar gidan goggona, kuma ban tuna ko sau ɗaya da Habboba ta ɗora wa Tabawa laifi ba. Ita Habboba kanta ba ta taɓa hana kowa kallon yadda take aiki ba. Inda muryarta ke yin sanyi shi ne wurin mutanen dandali, waɗanda aka ce su miƙa hannu su shafa suka ƙi. Yanzu ina ganin ta san irin mutanen da take ba labari, ta san kuma cewa mu ne, in tsoro ya kai mana inda ya kai musu.

Na yi hoton cigiyar a ranar. Farin bango, fuskar Usmanu, sunansa da Larabci da boko, sai lambar wayar maƙwabtan Inna Hawwa a ƙasa. Shi ne aiki mafi sauƙi da na taɓa yi. Yana nan yana yawo daga waya zuwa waya, wani lokaci har ya dawo mini daga mutanen da ban sani ba. Duk sanda ya dawo nakan sake tura shi gaba, ban kuma sani ba ko ya taɓa isa shingen da na farkon ya isa.