Kawu da Jar Tukunyar Layinmu

A cikin kwata na fara sanin matsayina a wurin Kawu. Na fito ta ƙofar bayan shagona na aski da bokitin wankin tawul, na yi tuntuɓe da wata jar tukunya da aka jingine a bango, muka tafi gaba ɗaya ni da bokitin. Kawu ya taho a guje, hankali tashe. Na miƙa masa hannu. Ya tsallake ni, ya ɗauki tukunyar, ya goge ta da hannun riga, ya kara kunne a jikinta. Sai da ya tabbatar lafiyarta lau sannan ya leƙo ya ce, "Mai aski, ka riƙa duba gabanka, akwai kaya masu daraja a lungun nan."

Kawu ƙanin surukata ne, amma duk layin Kawu ake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Ya yi dako a tasha har bayansa ya ce ya gaji, ya koma gadin wani babban kanti. Da kantin ya mutu, mai shi ya kwashe komai har ƙwan fitila, ya manta da tukunyar kashe gobara a bayan ƙofa. Kawu ya ɗauki wannan mantuwar a matsayin wasiyya.

To, doka ta ce kowane shago sai da irin wannan tukunya, allurar ma'auninta a kan kore, in ba haka ba a garƙame shi da kwaɗo. Mu kuwa a layinmu, daga tela, mai gyaran waya, mai kemis, ni, sai mai walda a ƙarshe, abin da kowa ya mallaka shi ne ƙusa a bango. Tukunyar ta Kawu ce. Ranar da jami'in duba shaguna ya zo, yana shiga ta gaba, Kawu na bi ta lungun baya. Da jami'i ya gama da tela, tela zai tsare shi da surutun yadi, Kawu ya sauke tukunya, ya rungume ta kamar jaririya, ya rataya ta a ƙusar gaba. Wani jami'i ya taɓa cewa abin mamaki ne, duk tukwanen layin nan a kafaɗa ɗaya suka lotse. Kawu ya ce, "Yallaɓai, 'yan gida ɗaya ne, gado suka yi."

Tela ya ɗinka wa tukunyar riga saboda ƙura. Matar Kawu ta ce ita rabonta da sabon zane ta manta, amma wannan kishin bai dame shi ba. Abu ɗaya ne ba ya yarda da shi, a taɓa ƙusar da ke bakin tukunyar. A cewarsa, ranar da aka fesa ta allura za ta faɗi kan ja, layi ya mutu. Shi ya sa da wayar caji ta kama a shagon mai gyaran waya, da hularsa Kawu ya kashe wutar.

Bana aka canja mana jami'i, aka turo wata mata mai farin tabarau, marar son hira. Tela ya fara mata zancen yadi, ta ce ba ɗinki ta zo ba. Kawu ya sha gudun da bai taɓa yi ba tun yana tasha. Duk da haka ya riga ta zuwa shagona, ya rataya, ya laɓe bayan labule yana haki.

Ta duba wayoyin lantarki, ta duba ƙofar fita, ta duba allura. Sai ta tambaye ni yadda nake tsabtace kilifa tsakanin kai da kai. Nan shaiɗanin burga ya hau ni. Kullum ɗan ɗigon sifirit nake zubawa in ƙyasta ashana. Ranar nan na ce bari hukuma ta ga tsabta, na tuttula. Wuta ta tashi, ta gaishe da tawul, tawul ya miƙa wa labule.

Kawu ya fito daga bayan labulen, bai kalli wutar ba. Tukunya ya sauke ya ƙanƙame.

"Baba, fesa mana," in ji jami'a.

"Ranki ya daɗe, ba ta fesawa ba ce."

"Ta mece ce?"

"Ta dubawa ce."

Na ce, "Kawu, don Allah, shagona ne ke ci."

Ya ce, "Shagonka an riga an duba. Saura na mai walda."

Mai walda kuwa mijin 'yarsa ne, gida cike da yara, in aka sa wa wannan shago kwaɗo a tsakar gidan Kawu za su tare. Na ga lissafin a fuskarsa, labulena a gefe guda, jikoki a gefe guda, kuma labulen bai yi nauyi ba.

Jami'a ta ajiye jaka, ta kama tukunya, Kawu ya riƙe. Suka yi ta ja kamar masu rabon gado, ni ina dukan wuta da tsintsiya, tsintsiyar ma ta kama. Da ta fizge, ta zare ƙusar, ta matsa. Jama'a, ashe tana aiki. Farar hoda ta cika shagon, wuta ta mutu, muka fito mu uku kamar an tono mu daga buhun fulawa. Kawu ya dubi allura ta kwanta a kan ja, ya cire hula.

Ta goge tabarau ta ce, "Baba, me ya haɗa tukunyar mai aski da shagon mai walda?" Ta taka da kanta zuwa shagon mai walda ta tarar da ƙusa tsirara. Ta koma baya shago bayan shago, ko'ina ƙusa. Kafin la'asar duk layin ya sha kwaɗo, ta ce ba za a buɗe ba sai kowa ya rataya tasa.

Yanzu kowane shago da sabuwar tukunya, ja wur, babu lotsa. An buɗe mu duka, mai walda ne ya fi daɗewa, kuma jikokin sun tare ɗin, sun cinye wa Kawu har abin da ya ɓoye a ƙarƙashin gado. Shi kuma ba shi da sauran aiki a lungu. Yakan zauna kan benci a ƙofar tela da tsohuwar tukunyarsa a gefe, cikin rigarta, babu komai a cikinta.

Rannan na same shi a kan bencin, na ce bari in tsokane shi. "Kawu, yanzu fa mun bi doka. Ka zo in koya maka yadda ake fesawa."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Duk shekarun da layin nan ke da tukunya ɗaya, gobara ba ta taɓa cin labulen kowa ba, sai ranar da ka ce za ka yi tsabta. Kai ya kamata a rataya a ƙusa a riƙa dubawa."