Umaru da Keken Ubangidansa

Umaru yana ɗan shekara goma sha uku aka sauke shi daga jirgin bayi a birnin Salvador. A coci an rubuta masa suna Tomé, amma Hausawan unguwar Barroquinha ba su taɓa kiransa da shi ba. Shekara ashirin da biyar ya yi yana ɗaukar mutane a kujera, shi a gaba, abokinsa Mahmudu a baya, daga bakin jiragen ruwa su haura tudu zuwa cikin birni, har kafaɗarsa ta yi kanta.

Ubangidansa, wani ɗan kasuwa mai suna Valadares, mutum ne mai son sabon abu. A shekarar 1872 ya sayo kekuna huɗu daga Faransa, masu ƙafafun katako da aka ɗaure da ƙarfe, feda a jikin ƙafar gaba. Burinsa ma'aikatan ofis su riƙa hawa zuwa wurin aiki. Amma ba wanda ya yarda ya gwada, kowa na gudun ya sha ƙasa a gaban jama'a. Sai Valadares ya ce Umaru ya koya, tunda in bawa ya faɗi ba mutuncin kowa da ya zube.

Mako guda yana faɗuwa kafin abin ya zauna masa. Daga nan kullum da la'asar sai a rataya masa allo mai sunan kanti a baya, ya yi ta zagaya filin Campo Grande. An ja masa kunne kada ya wuce bakin filin. Bawa ba ya sa takalmi, don haka ƙarfen feda ya yi ta cin tafin ƙafarsa.

Jama'a kuwa sun sami abin kallo. Mata suna leƙowa ta taga suna dariya, yara suna jifansa da ƙwallon mangwaro, masu keken doki suna zaginsa wai yana firgita musu dabbobi. Mahmudu ma ya tare shi.

"Ɗan'uwa, in kowa ya hau wannan abu, wa zai hau kujera? Abincinmu kake tallan kashewa."

"Ni aka tambaya?" in ji Umaru.

Matarsa Altine, wadda ta fanshi kanta da sayar da ƙosai, ta ce, "Malam, biri fa suka mai da kai."

Akwai abin da ya kasa gaya mata: yana son keken. Tun da ya zo ƙasar nan shi ke ɗaukar wasu, sai ga abin da ya ɗauke shi.

Wata ranar Talata, da ya iso kusurwar filin, inda hanyar unguwar Vitória ta miƙe zuwa teku, bai karya kan keken ba. Ya taka, ya ƙara takawa. Iska ta cika masa riga, gidajen attajirai suna wucewa ta gefe, ya ji yana dariya shi kaɗai. Bai yi nisa ba 'yan sanda biyu suka sha gabansa. Bawa a kan keke ba tare da ubangidansa ba, a ganinsu ko ɓarawo ne ko mai gudu. Suka ɗaure masa hannu, suka aika a kira Valadares.

Umaru ya sa ran bulala, amma ba a taɓa shi ba. Ashe samari uku 'ya'yan attajiran Vitória sun ga gudun da ya yi, washegari suka zo kanti suna son saye. Sharaɗinsu ɗaya ne: kada a sake ganin baƙar fata a kai, don ba za su hau abin da bawa ke hawa ba. Valadares ya amince nan take.

Tun daga ranar aikin Umaru ya zama koya musu. Yakan riƙe sirdi yana gudu a bayansu har su daidaita, in sun gangara tudu ya bi su ya ɗauko keken a ka ya hauro da shi. Da yamma ya goge, ya zuba mai, ya jingina.

Wata rana ɗaya daga cikin samarin, wanda bai daɗe da zuwa garin ba, ya waigo ya ce, "Kai tsoho, ina ka san duk wannan, kai da ba ka hawa?"

"Dubi gabanka, ranka ya daɗe," in ji Umaru yana haki. "Akwai rami."