Shebur ɗin Baba

Har yau idan ruwan farko ya sauka a kan jar ƙasa, ƙamshin nan yakan mayar da ni Pélébina, in gan ni a ƙofar gida ina kallon shebur ɗin Baba.

Ka san yadda ake zaɓen sarkin hanya, mai gyaran hanyar mota, a garinmu bayan tafiyar Turawa? Ba takarda, ba akwati. Ana sakkowa daga Juma'a kowa zai tsaya bayan wanda yake so, liman ya duba layin da ya fi tsawo, ya miƙa wa mai layin shebur. Wa'adi damina biyu ne. Amma akwai sharaɗi: ba ka sauka sai kamiyon shanu, babbar motar nan ta dako, ya bi hanyarka zuwa Djougou bai kafe ba.

Baba mahauci ne, ga kunyar jama'a, bai iya cewa a'a ba. Haka aka miƙa masa shebur. Damina biyu suka cika, ruwa ya cinye gadar bakin rafi. Ya gyara, ruwa ya sake cinyewa. Damina ta uku ta same shi yana tari, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, masu taya shi duk sun koma gonakinsu.

Inna ta ja hannuna muka je wurin liman, ta zube.

"Malam, don Allah ku karɓi shebur ɗin nan. Mutumin nan ƙarewa yake yi."

"'Yata, wa zai karɓi hanya a karye? Kamiyo ɗaya kawai ake so ya wuce, shi ke nan."

Na tsani tsohon nan ranar, Allah ya yafe mini. Baba kuwa cewa ya yi, in ya ajiye, da wane ido zai dubi mutane a kasuwa?

Wata rana da hantsi ya faɗi a bakin aiki. Wani direban shanu ya yarda ya kai shi asibitin Djougou. A bakin rafi tayoyi suka nutse. Gari ya fito, mutanen da suka yi layi a bayansa, suna turawa suna salati, Inna na kwasar laka da hannu tana kiran sunan Allah. Sai la'asar kamiyon ya fita. Baba ya riga ya cika.

Yanzu a Guéma nake, cikin Parakou, da jikokina. An shimfiɗa kwalta, mota kan wuce rafin nan kafin in gama fatiha. Shebur ɗin yana bayan ƙofata. Ba wanda ya zo karɓa, ni ma ban mayar ba. Ai bisa dokarsu, wa'adin Baba bai cika ba.