Ƙwayar Gero a Kunnen Hajiya Kaka

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da yayata. Mota cike maƙil, kuɗin mota ya sake tashi, amma ko a jikina. A jakata akwai filasta da ƙwayar gero da hoton kunne da na zana da hannuna. Wata uku ina bin bidiyo a waya kan yadda ake danna wasu wurare a kunne don rage wa tsofaffi ciwon baya. Manna 'yar ƙwaya ake yi, a riƙa dannawa. Na gwada wa maigadinmu ya ce ya ji dama. Sai na kira Kawu a Zariya na ce kada a wahalar da kakarmu mai ciwon baya da layin asibiti, ina nan tafe. Sai bayan kwana shida na samu tasowa.

Mun sauka a Ƙofar Doka, muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka hau keke. Lungun gidanmu keke ba ya shiga, da ƙafa muka ƙarasa muna tsallake kwata.

Mun samu Hajiya Kaka kwance a tabarma ta gefe guda. Ta ce, "Angona likitan waya! Geron da za ka sa a dama min fura, shi za ka liƙa min a kunne?"

Na manna mata huɗu. Da azahar ta shafi kunne wajen alwala, duk suka zube. Na sake mannawa. La'asar ma haka. Kwana biyu muna wannan, tana cewa da sauƙi, alhali sallah ma a kwance take yi.

Rana ta uku yayata ta kama ta zuwa makewayi, ta ga ƙafafun sam ba sa ɗaukarta. A can Kaka ta raɗa mata cewa zamewa ta yi a makewayin, sati uku ke nan. Kunya ta hana ta gaya wa 'ya'yanta maza. Ni kuma wallahi ban tambaya ba.

Mu huɗu muka ɗauke ta a tabarmar har bakin titi. A asibiti hoto ya nuna ƙashin bayanta ya tsage. Likita ya ce me aka tsaya jira? Kawu ya juyo, ni ya duba.

Ni kaɗai na dawo Kaduna, yayata tana can tana jinya. Har yanzu ba a san ko Kaka za ta sake takawa ba. Ban ce danna kunne ƙarya ba ne. Amma jama'a, kafin ku taɓa kunnen tsoho ku tambaye shi ko ya faɗi, in tsohuwa ce a sa mace ta tambaye ta. Ni kwana tara na sa ta jira ni.