Geron Nababa a Sabon Aji

Nababa Dogo manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Tofa, amma ba da fartanya ya yi suna ba, da baki ya yi. Duk inda aka shimfiɗa tabarmar taro, shi ne a gaba, yana gyara hula. Ko ɗa ɗaya bai taɓa sakawa a firamaren garin ba, wai boko ɓata lokacin kiwo ne. Sai da labari ya zo cewa wasu gidauniyoyi biyu sun haɗa hannu za su gyara makarantar, ɗaya ta gina ajujuwa, ɗaya ta kawo bencina ta horar da malamai, sannan ƙaunar ilimi ta sauko masa. Ya bi gida-gida yana daɗin baki har aka naɗa shi shugaban kwamitin iyaye.

Ranar buɗe ginin ya yi jawabi har da share hawaye. Baƙi suka tafa, suka damƙa masa makullai.

Da kaka ta yi, sai ya jibge buhunan geronsa a ajin da ya fi kyau, ya garƙame. Yara suka koma gindin mangwaro. Malama Hure, mai koyar da 'yan aji uku, ta same shi a ƙofar gida.

"Baba Nababa, ajin nan fa na yara ne."

"Ke Malama, mu da muka yi karatu a ƙasa mutuwa muka yi? Ɓera ya huda mini rumbu."

Wata Talata sai ga motar gidauniyoyin babu sanarwa. Jami'arsu, Hajiya Ramlat, ta ce a buɗe ajin. Nababa ya buɗe.

"Baba, wannan hatsin fa?"

Ya ce, "Ai na yara ne, Hajiya. Sadaka na kawo, a riƙa dama musu kunu."

"Masha Allah!" in ji ta. Ko ta gane ko ba ta gane ba, Allah masani. Ta sa aka kira mai unguwa da liman suka shaida, aka ɗauki Nababa hoto yana murmushin dole, ta karɓi makullan ta miƙa wa Malama Hure. Aka kwashe geron zuwa ofishin hedimasta, yara suka koma ajinsu.

Suka sha kunu har bazara. Nababa kuwa da hatsin surukai iyalinsa suka ci tuwon damina. Har gobe idan aka zauna a majalisa cewa yake shi ya ciyar da makaranta, mutane su ce, "Allah ya saka da alheri," su kau da kai suna ƙunshe dariya.