Igiyar da Ke Damtsen Direba

Damina ce, a shekarun da Faransa ke mulki, kuma ruwan shekarar ya zo da faɗa, ya cinye hanyoyi. Muka taso daga Dumega za mu Dogon Dutsi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, bisa buhunan gero.

Direban yayan mijina ne. Tun da ya dawo daga soja kunnensa ya mutu, ga kuma rurin inji. Sai ya ɗaura igiya a damtsensa, ta bi taga ta fito baya. Idan an ja, ya tsaya. Maza ke ja. Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, me zai kai ni?

Ɗiyata ta fari tana cinyar kakarta, uwar mijina, a cikin motar. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane.

A wani kwari motar ta kafe a laka. Kowa ya sauka, maza suka tura. Da ta fita aka hau a guje, don idan ta tsaya za ta sake nutsewa. Sai da muka fara gudu na dubi cinyar tsohuwa. Ba kowa.

Can baya na hango yarinyar tsaye a bakin ruwa, tana ƙara ƙanƙancewa, ruwan kuma yana tasowa.

"Inna," na ce a hankali, "ina 'yar taki?"

Tsohuwa ta kurma ihu. Maza suka hau dukan ƙarfen mota suna kira. Direban bai ji ba. Mai riƙon igiyar kuwa ya hau ta can ƙarshe, ta kuɓuce masa, tana lilo kusa da gwiwata.

Na kama ta da hannu biyu na fizga. Ban saki ba. Motar ta karkace, ta yi kamar za ta kife, sannan ta tsaya.

Ya diro, damtsensa na jini. "Wane mahaukaci ne zai cire mini hannu?"

"Matar ƙanenka ce!" tsohuwa ta faɗa masa a kunne. Ya dube ni, ya dubi hanya, sai ya ruga. Ya dawo da yarinyar a kafaɗa, jiƙe har ƙirji. Kakarta ya miƙa wa. Ni dai na riƙe ƙafarta ta ƙarƙashin zane har muka isa.

Da safe na yagi tsohon zanena, na naɗe bakin igiyar da shi, na ɗinke, don kada ta sake yankarsa. Na ba mijina ya kai masa.