Mu Majema Ne

Shekarar da na fara zuwa Springfield, can ƙasar Turawa, renon jikoki, wata Lahadi ana zuba ƙanƙara, jikata Ummi ta zauna a ƙafata da littafin makarantarsu. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, sai ta riƙa juya mini labarin da Hausarta mai ɗingishi. Wai wani yaro ne a ƙasar Indiya, don ubansa na jimar fata aka hana shi ɗiban ruwa a rijiyar gari. Ta ce, "Kaka, da gaske ana yin haka?" Ubanta, ɗana, likita ne, bai taɓa gaya wa 'ya'yansa sana'ar gidanmu ba. In na faɗa, anya ba za ta ji kunyata ba?

Amma ni ba a haife ni da ɓoye-ɓoye ba. Na ce mata mu majema ne, a bayan gari gidanmu yake saboda wari. Da sassafe nake dakan bagaruwa har hannuna ya yi kanta, in bi gidaje ina tara kashin tantabara na laushin fata, in tsare shanyar Baba daga karnuka. Fatarsa kuwa har daga birni ake zuwa nema. Da yamma sai in ruga gidan liman wurin ƙawata Delu mu yi carafke. A gidan akwai wata tsohuwar moɗa da aka rataye mini a jikin zana, ba na taɓa ta randa. Kakarsu takan ce, "Ba ƙi ba ne, 'yar nan, warin ne." Delu fa, in na sha sai ta fizge moɗar ta shanye ragowar, tana kallon tsohuwar ido cikin ido. An sha dukanta, ba ta daina ba.

Ummi ta tashi ta ƙwala wa ubanta kira: "Baba! Ashe mu majema ne? Me ya sa ka ɓoye mana?" Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ni ma na daka bagaruwa, Ummi. Matsa in zauna."

A nan kowa kofin da ya ga dama yake ɗauka, ba mai tambayar sana'ar kakanka. Na gode wa Allah. Sai dai ban sake shan ruwa mai daɗin wanda muka raba da Delu ba, Allah ya jiƙanta.